Masu Kalar Azurfa a Bankunan Amurka

Kowa ya san kala. In an gama girbi an kwashe dammuna, sai mata da yara su bi gona suna tsintar zangarniyar da ta kuɓuce wa masu girbi. To, a ƙasar Amurka akwai waɗansu mutane da suka ɗauki irin wannan aiki abin ɗebe musu kewa, sai dai su gonarsu banki ce, zangarniyar da su ke nema kuwa tsohon kuɗin azurfa. Wani lokaci a cikin nema su kan ci karo da abin da ba su zata ba, watau kuɗin azurfa na wata ƙasa dabam, ya saje da na Amurka. Labarin waɗannan baƙin kuɗi mu ke so mu bayyana wa 'yan'uwa, domin a cikinsa akwai Lissafi, akwai Tarihi, akwai kuma Labarin Ƙasa.

Yadda a ke aikin

Dalar Amurka senti 100 ce. Kuɗin ƙarfen da suka shafi maganarmu iri uku ne: mai senti 10 wanda su ke kira daim, da mai senti 25 wanda su ke kira kwata, da mai senti 50 watau rabin dala. A banki ba a ajiye su a warwatse. Jera su a ke yi ɗaya bisa ɗaya, a naɗe da takarda, ƙunshin ya fito kamar gaɓar rake. Ƙunshin daim ƙwaya 50 ne, dala 5 ke nan. Na kwata ƙwaya 40, dala 10. Na rabin dala ƙwaya 20, shi ma dala 10. Ƙunshi 50 shi ne akwati guda, sabo da haka akwatin daim dala 250 ne, na kwata da na rabin dala kuwa dala 500 kowanne.

Mai kala ya kan tafi banki da kuɗin takarda, ya karɓi ƙunshi ko akwati a kan ainihin kuɗinsa, ba ƙari ba ragi. In ya koma gida sai ya warware, ya duba su ƙwaya ƙwaya, ya ware wanda ya ke so, sauran ya mayar banki a ba shi kuɗinsa. Ashe jarinsa ba ya tafiya ko'ina, abin da ya ke kashewa lokacinsa ne da ƙarfin idonsa. Sau da yawa a kan gama akwati sukutum, ƙwaya 2,500 in na daim ne, ba a sami ko ɗaya ba. Wanda ba shi da haƙuri ba ya daɗewa cikin wannan aiki.

Abin da ya kori azurfa daga kasuwa

Har zuwa 1964 daim da kwata da rabin dala na Amurka kashi 90 cikin 100 azurfa ne, sauran kashi 10 jan ƙarfe, don su yi ƙwari kada su yi saurin cinyewa. Nauyin daim giram 2.5 ne, watau akwai tsantsar azurfa giram 2.25 a cikinsa. Ozar da a ke auna azurfa da ita giram 31.1 ce. In muka tara daim 14 mun sami giram 31.5, sun ɗara oza ɗaya kaɗan, alhali a wurin ciniki dala 1 da senti 40 ne kurum. To, nan maganar ta ke. Muddin farashin oza bai kai haka ba, kuɗin ya fi ƙarfensa daraja. Ran da farashin ya zarce, ƙarfen ya fi kuɗin, wanda duk ya sayi burodi da shi ya yi hasara.

A 1963 farashin oza ya kai dala 1 da senti 29, Baitulmalin Amurka ya shiga sayar da azurfar da ya tara don ya tsai da farashin. Da aka ga rumbu na neman ƙarewa, sai aka yi sabuwar doka, Shugaba Lyndon Johnson ya sa mata hannu a watan Yuli na 1965. Aka cire azurfa ɗungum daga daim da kwata, aka koma yin su da jan ƙarfe a tsakiya, a lulluɓe fuska biyu da wani farin ƙarfe, gamin jan ƙarfe da nikel. Rabin dala aka rage azurfarsa zuwa kashi 40 daga 1965 zuwa 1970, daga 1971 shi ma aka raba shi da ita.

Jama'a ba su jira an gaya musu ba. Kowa ya sami tsohon kuɗi sai ya jefa a gwangwani, ya kashe sabon. Masana tattalin arziki suna da suna ga wannan hali, suna danganta shi ga Thomas Gresham, wani attajirin Ingila na zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya. Abin da ƙa'idar ke nufi shi ne, in kuɗi biyu suna da daraja ɗaya a doka amma ɗaya ya fi ɗaya kyawun ƙarfe, mai kyan ɓoye shi za a yi, maras kyan ya rage yana yawo. Cikin 'yan shekaru aka yi wa azurfa babban girbi. Abin da ya kuɓuce shi masu kala ke bi. Wani kuma ya kan komo daga baya, sa'ad da tsoho ya rasu, magada suka tarar da gwangwaninsa, suka kai banki ba su san abin da ke ciki ba.

Yadda baƙo ke shiga ƙunshi

Kuɗin wata ƙasa ba ya shiga ƙunshi sai faɗinsa da kaurinsa sun yi kusa da na 'yan gida. Mai naɗewa da hannu ƙidaya ya ke yi, ba ya tsayawa karatu. Injin rarraba kuɗi kuma galibi girma ya ke aunawa, ko da ya ke waɗansu na zamani su kan gwada irin ƙarfen su tofar da wanda bai dace ba. Sabo da haka masu kala sun fi son ƙunshin da mutane suka naɗe a gida suka kawo. Faɗin daim milimita 17.9 ne, na kwata 24.3, na rabin dala 30.6. Abin mamaki shi ne yawan ƙasashen da kuɗinsu ya yi daidai da wannan awo, kuma kowace da dalilinta.

Baƙon da aka fi gani ɗan Kanada ne. Ita ce maƙwabciya ta arewa, ita ma dala da senti ta ke ƙidaya, daim ɗinta milimita 18 ne, kwatarta ta kusa 24. A garuruwan kan iyaka, kamar Ditiroit, kuɗin ƙasashen biyu sun daɗe suna cuɗanya a aljihun mutane. Daga 1937 daim na Kanada hoton jirgin ruwa mai filafilai ke bayansa, kwata kuwa kan wata dabbar dajin arewa mai manyan ƙahoni masu rassa. Azurfarsu kashi 92.5 ce har 1919, sa'an nan kashi 80 daga 1920 zuwa 1967. A cikin 1967 aka fara ragewa zuwa kashi 50, a 1968 kuma aka bar azurfa aka koma nikel.

Na biyu ɗan Panama ne. Tun 1904 kuɗin ƙasar, wanda a ke kira balboa, darajarsa ɗaya da dalar Amurka, kuma Amurkawa ne suka haƙa mashigin ruwan nan da aka buɗe a 1914, suka zauna can da ma'aikata da sojoji shekara da shekaru. Daga 1930 aka riƙa buga wa Panama ushirin balboa da rubu'insa da rabinsa a kan awon daim da kwata da rabin dala sak, faɗi da nauyi da yawan azurfa duk ɗaya, da yawansu ma a maƙerar kuɗi ta Amurka aka buga su. Babu injin da zai raba su da 'yan gida. Sai ido ya ga hoton mutum sanye da kwalkwali, watau Vasco Núñez de Balboa, Basifanen nan da ya ƙetare ƙasar a 1513 ya hango babban tekun Pasifik. Da Amurka ta sake ƙarfenta, Panama ta bi sawu a 1966. Haka nan Kyuba, daga 1915 an buga mata kuɗi a Filadelfiya, mai sentabo 10 ɗinta nauyinsa giram 2.5 ne, azurfa kashi 90, tamkar daim, sai dai tauraro ke jikinsa.

Yaƙin Duniya na Biyu ma ya kawo nasa baƙin. Tsibiran Filifin suna hannun Amurka har 1946, kuɗinsu na sentabo 10 da 20 da 50 azurfa ne kashi 75 tun daga 1907, an kuwa rubuta sunan Amurka a jikinsu, har mai gani ya kan ɗauka na gida ne. A 1944 da 1945 an buga su da yawa a Denba da San Faransisko. Waɗannan maƙeru biyu sun kuma buga wa Ostareliya sule da sisi daga 1942 zuwa 1944, lokacin da sojojin Amurka suka cika ƙasar. Da aka gama yaƙi sojoji suka komo gida da canji a jaka, suka ajiye don tunawa. Bayan shekaru jikoki suka kai banki.

Akwai kuma 'yan Turai. A 1865 Faransa da Beljiyam da Italiya da Suwizalan suka ƙulla yarjejeniya su daidaita kuɗinsu, ƙananan kuɗin azurfa su zama kashi 83.5. Rabin faran a wannan awo giram 2.5 ne, faɗinsa wajen milimita 18, kusan tagwayen daim ke nan. Faransa ta daina buga irinsa na azurfa a 1920, amma Suwizalan ta ci gaba har 1967. Sulen Ingila kuwa faɗinsa milimita 23.6 ne, nauyinsa giram 5.66, sabuwar kwatar Amurka ta bayan 1964 kuma giram 5.67. Ko ma'auni aka ɗora su sai an lura ƙwarai kafin a raba.

Kada mu ɗauka baƙon kuɗi sabon abu ne a Amurka. Dalar kanta a kan awon babbar kwandalar azurfa ta Sifen aka kafa ta a 1792, kuma doka ta yarda a yi ciniki da kuɗin Sifen ɗin nan har 1857. Mu ma a ƙasar Hausa mun san irin wannan. Kwandalar Mariya Tareza ta Ostiriya ta ƙetaro Sahara ta hanyar Tarabulus, ta yi yawo a kasuwannin Barno da na Hausa a ƙarni na 19, tun ba a san kuɗin Ingila ba. Sulen da aka fara buga wa ƙasashen Afirka ta Yamma na Ingila a 1913 shi ma azurfa ne, girmansa ɗaya da na Ingila, sai a 1920 aka mai da shi na tagulla.

Kama da wane ba ta wane

Dabarar mai kala ta fari ita ce duban gefe. In ya yage takarda ya riƙe jerin a hannu, sababbin kuɗin Amurka kowanne akwai jan layi a gefensa, watau jan ƙarfen da ke tsakiya. Wanda gefensa fari ne fat, shi a ke zarowa. Ga 'yan gida wannan dabara tana aiki, sai dai rabin dala mai kashi 40, wanda gefensa ya kan yi toka-toka, dole a duba shekararsa. Amma ga baƙi dabarar ta kan yaudari mutum, gama ƙasashe da yawa da suka bar azurfa farin ƙarfe suka koma, mai fari ciki da waje. Mutum ya ga farin gefe zuciya ta buga, ya zaro, ashe kwatar Kanada ce ta 1975, ba ko ƙwayar azurfa. Wannan hasara ce ma, domin ya biya senti 25 a kan abin da mai kanti na iya ƙin karɓa.

Dabara ta biyu maganaɗisu. Azurfa ba ta bin maganaɗisu, tsantsar nikel da baƙin ƙarfe kuwa suna bi. Nan ne amfaninsa ga kuɗin Kanada na 1968, gama a shekarar an buga iri biyu masu kama ɗaya, wani azurfa kashi 50, wani nikel. Wanda ya manne ba azurfa ba ne. Amma maganaɗisu ba ya jan gamin jan ƙarfe da nikel, sabo da haka ba ya taimako ga sulen Ingila ko rabin faran na Suwizalan.

Dabara ta uku ma'auni da kunne. Daim na azurfa giram 2.5, sabo 2.27. Kwata ta azurfa 6.25, sabuwa 5.67. Rabin faran na azurfa 2.5, na bayan 1967 kuwa 2.2, ko da ya ke hotonsu ɗaya ne. In kuma aka saki azurfa bisa tebur, ƙararta ta fi zaƙi, ta fi daɗewa a kunne.

Duk waɗannan mataimaka ne. Abin da ke yanke hukunci shi ne karanta ƙasa da shekara, da sanin abin da ya auku a ƙasar cikin shekarar. Karatun kuwa ba kullum ya ke da sauƙi ba. Kuɗin Ingila ba a rubuta sunan ƙasa a jikinsa, sai kan sarki da laƙabinsa da Latin. Na Suwizalan HELVETIA a ke rubutawa, tsohon sunan ƙasar. Na Kanada da na Ostareliya su ma kan sarkin Ingila ne a gaba, sai an juya a ga sunan ƙasa. In an gane ƙasar, saura shekara. Sulen Ingila azurfa ne kashi 92.5 har 1919, kashi 50 daga 1920 zuwa 1946, daga 1947 babu kome. Na Ostareliya bai sauko kashi 50 ba sai 1946. Ga sule biyu na 1943, girma ɗaya, kan Sarki Joji na Shida a jikin kowanne, amma azurfar ɗaya ta kusa ninka ta ɗayan.

Waɗannan shekaru suna da dalili, wanda ya riƙe dalilin ba ya bukatar hadda mai yawa. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya azurfa ta yi tsada ƙwarai, shi ya sa Ingila da Kanada da Afirka ta Yamma duk suka sake kuɗinsu a 1920. Bayan yaƙi na biyu Ingila na da bashin azurfar da ta ara a wurin Amurka, sai ta janye ta daga kuɗinta don ta biya. Daga 1965 zuwa 1968 kuma tsadar nan da ta kori azurfa daga Amurka ita ta kore ta daga Kanada da Suwizalan. Sai dai a lura, shekarar da ke jikin kuɗi ba kullum ita ce shekarar bugu ba. Mariya Tareza ta rasu a 1780, amma an yi ta buga kwandalarta da wannan shekara fiye da ƙarni biyu. Amurka ma ta ci gaba da buga kuɗin azurfa masu ɗauke da 1964 bayan shekarar ta wuce.

Lissafin riba

Darajar baƙo a kan same ta da lissafi mai sauƙi: a ninka nauyinsa da rabon azurfarsa. Daim na Kanada mai kashi 80 nauyinsa giram 2.33, azurfarsa 1.87. Rabin faran na Suwizalan 2.09. Kwatar Kanada mai giram 5.83 tana da 4.66, ta Amurka 5.63. Sule mai kashi 50 yana da 2.83, na kafin 1920 kuwa 5.23. In kuɗin ya sha hannu ya suɗe, a rage kaɗan. Farashin azurfa hawa da sauka ya ke yi, a 1980 da 2011 oza ta kusa dala 50, a tsakani kuma ta sha faɗuwa ƙasa da dala 10. Mu ƙaddara oza tana dala 30. Daim 14 da aka karɓa a banki a kan dala 1 da senti 40 sun zama dala 30, fiye da ninki 20 ke nan. Wannan ita ce tsintar dami a kala.

Amma in aka haɗa da sa'o'in da aka ɓata da wahalar ɗaukar akwatuna, ba wanda zai ci abinci da wannan aiki. Masu yinsa daɗin nema ke riƙe da su, da ɗokin ganin abin da ƙunshi na gaba zai fitar. Waɗansu ma ba sa sayar da baƙin da suka tsinta. Su kan sa kowanne a 'yar takarda, su rubuta ƙasa da shekara da nauyi. Ba sa kuma goge su, domin masu sayen tsofaffin kuɗi sun fi son su da duhunsu, gogewa tana kankare fuska ta rage daraja.

Ladabin aiki

Aikin yana da ladubbansa. Ma'aikacin banki ba dole ne ya riƙa jido wa mutum akwatuna ba, alfarma ce, waɗansu bankuna ma su kan ƙi ko su sa lada. Don haka masu hankali su kan nemi izini da ladabi, su karɓa a banki ɗaya su mayar a wani, kada su yi ta juya kuɗin da suka riga suka duba, kada kuma su ɗora wa mutum ɗaya nauyi biyu. Babban gwaji kuwa shi ne baƙon da ba shi da azurfa. Abu ne mai sauƙi a sake tura shi cikin ƙunshi a mayar, hasarar ta faɗa kan wani. Wannan ha'inci ne ko da na senti 10 ne. Wanda ya yarda ya ci ribar tsintuwa, ya kamata ya yarda ya ɗauki hasararta.

Mu da za mu tsaya gaban yara gobe, akwai abin ɗauka a nan. Rabin faran ɗaya ya iya ratsa hannun mai kanti da na akawu da cikin inji, kowa ya ƙidaya shi senti 10, sai mutum ɗaya da ya tsaya ya karanta ya san abin da ke hannunsa. Rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami da yunwa. Tsohuwar kwandala ɗaya a kan teburin malami ta isa darasi uku: yara su nemo ƙasarta a taswira, su auna ta su fitar da azurfarta, su tambayi abin da ya auku a shekarar da ke jikinta. Duk wanda ke da tsohon sule ko kwandalar kaka a gida, muna roƙonsa ya zo da ita bayan hutu mu gwada tare. Allah ya ƙara mana sani mai amfani, amin.